Hanami: Yadda Sarakuna Da Masu Lambu Suka Dasa Wa Japan Al'adar Kallon Fure

Da watan Maris ya raba tsakiya, ma'aikatan Hukumar Kula da Yanayi ta Japan sukan nufi harabar wurin bautar Yasukuni da ke birnin Tokyo, su tsaya a gindin wata bishiya guda ɗaya, su ɗaga kai suna ƙirge. 'Yan jarida na kewaye da su da kyamarori, jama'a sun yi cincirindo. In suka iske fure biyar ko shida sun buɗe, sai jami'in ya juyo ya sanar cewa sakura ta fara fure a Tokyo, wuri ya kaure da tafi, labarin kuma ya shiga kanun labaran yamma. Tun 1953 hukumar ke wannan aiki, kuma tana da irin wannan bishiya ta gwaji a garuruwa sama da hamsin.

Daga ranar sanarwa zuwa cikar fure kimanin mako guda ne. Bayan wani makon kuma iska da ruwan sama sun kakkaɓe shi. Cikin wannan ɗan taƙaitaccen lokaci miliyoyin mutane ke fita lambunan shaƙatawa da gaɓar koguna, su shimfiɗa tamfol shuɗi a ƙarƙashin bishiyoyi, su cire takalma su zauna, a ci a sha har dare. Wannan fita ita ake kira hanami. Baƙo zai ɗauka tun fil azal haka ƙasar take, a lulluɓe da farin fure mai ratsin ja. Tarihi kuwa ya nuna cewa da yawa daga wuraren da ake zama a yau, wani mai mulki ne ya ba da umarnin a dasa, don wata manufa tasa, kuma irin bishiyar da ta mamaye ƙasar ba ta wuce shekara 200 da samuwa ba.

Daga fada aka faro

A zamanin Nara, wato daga 710 zuwa 794, manyan Japan sun ɗauki ƙasar Sin madubi a rubutu da sutura da tsarin mulki. Har furen da za a yaba ma daga can aka kwaikwayo. Bishiyar ume, wadda aka shigo da ita daga Sin, mai fure da ƙamshi tun sanyi bai gama tafiya ba, ita ce ta 'yan fada. A cikin Man'yoshu, kundin waƙoƙin Japan mafi tsufa, waƙoƙin da suka ambaci ume sun haura ɗari, na sakura kuwa arba'in da 'yan kai ne.

Sakura a lokacin bishiyar tsauni ce, manoma suka fi saninta. Furenta ne ke shaida musu cewa ƙasa ta yi ɗumi, lokacin shirya irin shinkafa ya yi. Masana al'adun gargajiya na ƙasar suna ganin mutanen karkara kan hau tudu da abinci da giyar shinkafa idan ta yi fure, don tarbar abin bautar da suka yi imani yana kula da gonaki.

Bayan an mayar da fada Kyoto sai al'amari ya juya. A shekarar 812 Sarki Saga ya shirya walimar kallon fure a lambun Shinsen-en, aka rera waƙoƙi, aka yi kaɗe-kaɗe, littafin tarihin fada mai suna Nihon Koki ya adana labarin. Wannan ita ce walimar sakura ta farko da aka samu a rubuce. Cikin wannan ƙarni ne aka cire bishiyar ume da ke gaban babban zauren fada aka dasa sakura a gurbinta, kuma har yau akwai sakura a wurin. Da aka tattara kundin Kokinshu wajen shekarar 905, waƙoƙin sakura sun ninka na ume. Bayan kimanin shekara ɗari Murasaki Shikibu ta ware babi guda na Labarin Genji ga irin wannan walima.

Abin da ya ja hankalin 'yan fada shi ne saurin zubar furen. Koyarwar addinin Buddha a kan rashin dawwamar duniya ta riga ta zauna a zukatansu, sai furen da ke cika yau ya zube jibi ya zame musu abin misali a waƙa.

A kudu da Kyoto kuma akwai Dutsen Yoshino, wanda labarinsa ya bi ta wata hanyar. Masu bautar tsauni sun ce jagoransu En no Gyoja ya sassaƙa siffar abin bautarsu da icen sakura, saboda haka bishiyar ta zama mai alfarma a wurin, ba a sare ta, masu ziyara kuma kan dasa sabuwa a matsayin sadaka. Ƙarni bayan ƙarni ana dasawa, har dutsen ya tara bishiyoyi kusan 30,000. Furen kan fara daga gindin dutse ya riƙa hawa sannu a hankali, sai ya ɗauki makonni kafin ya kai ƙololuwa. A can mawaƙin nan Saigyo, wanda ya bar aikin tsaron fada ya koma zuhudu, ya yi zaman kaɗaici a ƙarni na 12.

Walimar Hideyoshi

Da mulki ya koma hannun mayaƙa, kallon fure ya zama hanyar nuna isa. Babu wanda ya kai Toyotomi Hideyoshi a wannan fage, ɗan talaka da ya yi ta yaƙi har ya haɗe Japan a hannunsa. A 1594 ya kwashi mutum kusan 5,000 zuwa Yoshino, cikinsu har da manyan hakimai irin su Tokugawa Ieyasu da Date Masamune. Ana ba da labarin cewa ruwan sama ya yi kwana uku bai ɗauke ba, har Hideyoshi ya yi wa masu ibadar dutsen barazanar zai cinna masa wuta in ba su roƙa ruwan ya tsaya ba.

Bayan shekara huɗu ya shirya wadda ta fi shahara, a haikalin Daigo-ji da ke gefen Kyoto. Wannan karon maimakon ya je inda bishiyoyi suke, sai ya sa aka tono guda 700 daga lardunan maƙwabta aka jera su a hanyar hawa tudu. An gina rumfunan shan shayi takwas, an zagaye wurin da masu gadi. Baƙi kimanin 1,300 aka gayyata, galibinsu mata, kuma kowace an ɗinka mata kimono uku don ta sauya kaya sau biyu a yini ɗaya. Har gardama ta kaure tsakanin biyu daga cikin matansa a kan wadda za ta fara karɓar ƙoƙon giya bayan uwargida. Ana wannan shagali dakarunsa na can Koriya suna yaƙi. Wata biyar bayan walimar Hideyoshi ya mutu.

Duk wannan talaka daga nesa yake jin labari.

Yadda talakan Edo ya samu wurin zama

Gidan Tokugawa ya karɓi mulki a 1603 ya mai da Edo, wato Tokyo ta yau, cibiyarsa. Malamin addinin Buddha Tenkai, wanda ya kafa haikalin Kan'ei-ji a Ueno a 1625, ya sa an kawo sakura daga Yoshino an dasa a kan tudun. Jama'a na iya zuwa kallo, amma da yake haikalin na gidan masu mulki ne, an hana kiɗa da hayaniya, kuma rana na faɗuwa ake korar kowa.

Shogun na takwas, wato mai mulki na takwas daga gidan, Tokugawa Yoshimune, shi ya buɗe ƙofa. Ya hau mulki a 1716 ya tarar da baitulmali a bushe, ya ɗora wa jama'a dokokin tsuke bakin aljihu, a birnin da yawan mutanensa ya kai wajen miliyan ɗaya. Ya gane cewa irin wannan taron jama'a na buƙatar wurin hutawa. Ya sa an dasa sakura a gaɓar kogin Sumida da Gotenyama, sannan daga 1720 aka dasa 1,270 a tudun Asukayama. A can babu dokar hana kiɗa ko sha. Masu sana'ar hannu da 'yan tireda da matansu da 'ya'yansu suka riƙa fita da akwatunan abinci masu hawa-hawa, ana kaɗa shamisen, ana rawa, wasu ma da shigar burtu. Ana kuma cewa dashen bakin Sumida na da wata hikima: ƙafafun dubban masu kallo na daddaɓe tudun da ke tare ambaliya kafin ruwan damina ya sauko.

Wani tsohon labarin barkwanci na masu wasan rakugo ya nuna yadda abin ya ratsa har ƙasa. Wani mai gidan haya ya gayyaci matalautan 'yan hayarsa kallon fure, ya ce shi zai ɗauki nauyin ci da sha. Da aka zauna aka buɗe kaya, giyar ashe ruwan shayi ne da aka tsarma, wainar ƙwan kuma yankakkiyar saiwar daikon ce mai ruwan ɗorawa da aka jiƙa da gishiri. Mai gida ya dage sai kowa ya yi kamar ya bugu. Har yau ana yin wannan wasa a dandalin rakugo duk bazara, kuma har yau ana dariya.

Bishiya ɗaya a ko'ina

Sakurar da mutanen wancan zamani suka sani ita ce yamazakura ta tsauni. Daga iri take tsirowa, don haka kowace da halinta: wata ta riga wata fure, wata fara, wata ja-ja, kuma furen na fitowa tare da sabon ganye mai launin jan ƙarfe.

A ƙarshen zamanin Edo, tsakiyar ƙarni na 19, masu renon tsirrai na ƙauyen Somei, wanda yanzu ya shige cikin unguwar Komagome a Tokyo, suka fara sayar da wani sabon iri. Gauraye ne na Oshima-zakura da Edo-higan. Don kasuwa suka laƙaba masa sunan Yoshino, alhali ba shi da alaƙa da dutsen. Sai a 1900 aka raba gardama aka sa masa suna Somei-yoshino. Irin yana saurin girma, cikin shekara goma ya zama abin kallo, kuma furensa na rufe rassa tun ganye bai fito ba, ta yadda bishiyar gaba ɗaya ke zama fara fat.

Ba a shuka ta daga ƙwallo. Aure ake yi mata, kamar yadda ake yi wa mangwaro: a yanko reshe a ɗaura a kan gindin wata. Ma'ana duk Somei-yoshino da ke Japan da Amurka da Turai reshen uwa ɗaya ce, abin da binciken ƙwayoyin halitta ya tabbatar a 1995. Shi ya sa bishiyoyin gari guda ke buɗewa kusan rana ɗaya su kuma zube tare, kuma shi ya sa ake iya zana taswirar tafiyar fure daga kudu zuwa arewa, daga Kyushu a ƙarshen Maris zuwa Hokkaido a farkon Mayu.

Gwamnatin Meiji da ta kifar da gidan Tokugawa a 1868 ta samu abin da take so: bishiya mai araha, mai saurin girma, iri ɗaya a ko'ina. Aka dasa ta a makarantu da barikokin soja da gefen tituna da kufan ganuwoyin hakimai. A 1873 aka ayyana Ueno da Asukayama cikin lambunan jama'a na farko a ƙasar. A garin Hirosaki da ke arewa, wani tsohon samurai mai suna Kikuchi Tatee ya ba da kyautar dashe 1,000 a 1882 don raya kufan ganuwar garin. Da aka tsayar da watan Afrilu a matsayin farkon shekarar karatu da ta kasafin kuɗi, sai furen ya haɗu da ranar shiga makaranta da ranar kama sabon aiki a zukatan mutane.

Yaɗuwar iri ɗaya ta danne ɗaruruwan ire-iren da masu lambun Edo suka raina. Wani Bature ɗan Ingila mai tara bishiyoyin sakura, Collingwood Ingram, ya ziyarci Japan a 1926 ya gargaɗi masana a Tokyo cewa suna asarar dukiyarsu. A wannan tafiya aka nuna masa tsohon zanen wata sakura mai manyan fararen furanni, Taihaku, aka ce ta ɓace. Ya shaida ta nan take, domin ya taɓa tsintar ta a wani lambu a Sussex. Ya yi ta aika rassa ta jirgin ruwa suna mutuwa saboda zafin hanya, sai a 1932 aka soka su cikin dankalin Turawa aka bi da su ta jirgin ƙasan Siberiya, suka isa Kyoto da rai.

Kyauta da yaƙi

Gwamnati ta kuma mai da furen jakada. A 1910 birnin Tokyo ya aika wa Washington bishiyoyi 2,000, masu binciken aikin gona na Amurka suka iske ƙwari da cuta a jikinsu, aka ƙone su. Magajin garin Tokyo, Ozaki Yukio, ya sa aka raini wasu da kulawa ta musamman daga rassan bakin kogin Arakawa, aka aika 3,020. Ranar 27 ga Maris 1912 uwargidan Shugaban Amurka Taft, Helen, da matar jakadan Japan suka dasa biyun farko a bakin Tidal Basin. A 1952, bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya lalata na Arakawa, daga Washington aka yanko rassa aka mayar gida.

A cikin gida kuwa masu mulkin soja sun juya ma'anar furen. Zubarsa da wuri, wadda 'yan fada ke yi wa waƙar jimami, aka mai da ita darasi ga matasa: sojan kirki ya faɗi yana kan ganiyarsa saboda sarki. Tun 1870 aka fara dasa sakura a Yasukuni, inda ake girmama sojojin da suka mutu. Aka sa furen a bajen soja da littattafan makaranta. A Oktoban 1944, ɗaya daga cikin rukunonin farko na matuƙan ƙunar baƙin wake, wato kamikaze, sunan Yamazakura aka ba shi. Wani ƙaramin jirgi mai ɗauke da bam na kilo 1,200, wanda aka ƙera ba tare da tayoyin sauka ba, an kira shi Ohka, furen sakura. Akwai wani hoto da aka ɗauka a sansanin Chiran a Afrilun 1945, 'yan mata 'yan makaranta na ɗaga rassan fure suna sallamar matuƙin da ba zai dawo ba. A Koriya, inda Japan ta yi mulkin mallaka daga 1910 zuwa 1945, an sare da yawa daga bishiyoyin da ta dasa bayan ta fita. A Japan ɗin ma an sare dubbai lokacin yaƙi don itacen girki da gawayi.

Tamfol shuɗi

Da ƙasar ta farfaɗo aka koma dashe gadan-gadan, musamman gab da gasar Olympics ta Tokyo a 1964, kuma Somei-yoshino aka sake zaɓa. A 1967 aka buga furen a jikin kwabon yen 100. Kamfanoni suka ɗauki hanami a matsayin fitar ma'aikata ta shekara. Sabon ma'aikaci da ya kama aiki ranar 1 ga Afrilu, sau da yawa aikinsa na farko shi ne ya yi sammako da tamfol ya kama wa ofis wuri a Ueno, ya zauna gadi cikin sanyi har manya su iso da yamma. Ana zuwa da shinkafar bento da soyayyar kaza da dango, curin garin shinkafa uku a tsinke, ja-ja da fari da kore. Da dare a kunna fitilun takarda a ci gaba. Ɗebo fure ko karya reshe abin kunya ne, kuma kowa zai tattara shararsa.

Siyasa ma ba ta bar wurin ba. Walimar kallon fure da Firayim Minista ya riƙa shiryawa a lambun Shinjuku Gyoen tun 1952 ta zama abin cece-kuce a 2019, lokacin da baƙi suka kai kimanin 18,000 aka kuma zargi Firayim Ministan lokacin, Shinzo Abe, da cika wurin da magoya bayansa da kuɗin gwamnati. Tun daga nan ba a sake yin ta ba.

Rubuce-rubucen 'yan fada da na masu ibada sun yi wani amfanin da marubutansu ba su zata ba. Masanin yanayi Yasuyuki Aono na Osaka ya bi littattafan da suka ajiye ranakun walimar fure a Kyoto tun daga ta Sarki Saga, ya jera su shekara sama da 1,200. Lissafin ya nuna cewa a ƙarni na 19 tsakiyar Afrilu furen ke cika, yanzu kuwa farkon watan, saboda ɗumamar yanayi da zafin birni. A 2021 ya cika ranar 26 ga Maris, ya riga ranar 27 ga Maris ta shekarar 1409 wadda ta daɗe tana kan gaba. A kudancin Kyushu matsalar ta sha bamban: bishiyar na buƙatar sanyin hunturu sosai kafin ta farka, in bai samu ba sai furen ya fito a warwatse.

Bishiyoyin da aka dasa bayan yaƙi kuma sun tsufa. Da yake jininsu ɗaya, cutar da ta kama ɗaya tana iya kama duka, musamman wata cutar naman gwari da ke sa rassa su cunkushe su daina fure. Wani ƙwaro mai jan wuya da ke huda gindi, wanda aka fara gani a lardin Aichi a 2012, ya ƙara dagula lamarin. Masu lambun Hirosaki sun samo mafita daga manoman tuffa na yankinsu. Duk da tsohon karin maganar Japan da ke kiran mai yanke reshen sakura wawa, tun wajen 1960 suke datse rassa su shafa magani a wurin yankan, su sabunta ƙasar gindi. Ɗaya daga cikin dashen 1882 na nan da rai tana fure, cikin bishiyoyi kusan 2,600 da ke lambun.

A wasu wuraren kuwa sauyi ake yi. Ƙungiyar Furanni ta Japan, wadda ta raba wa garuruwa dashe masu ɗimbin yawa tun 1962, ta daina raba Somei-yoshino a 2005. Yanzu tana ba da shawarar a dasa Jindai-akebono, wadda ta fi jure cutar, furenta kuma ya fi ja kaɗan, kuma ƙananan hukumomi da dama a Tokyo da kewaye sun riga sun fara dasa ta a gurbin tsofaffin da suke sarewa.